Zaɓen Filogi Ga Tsohuwar Peugeot Da Aka Taɓa Injinta: Darasi Ga Masu Motocin Haya Da Masu Sayar Da Safaya

BAUCHI — A kan hanyoyin da suka haɗa birnin Bauchi da ƙauyukan gundumar Zungur, musamman ranakun kasuwa, har yanzu ba a rasa tsofaffin motoci ƙirar Peugeot 504, wagon da akori-kura, ɗauke da buhunan masara da shinkafa da fasinja. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da injinta yake yadda ya fito daga masana'anta. An sare kan injin wata bayan ya yi zafi ya lanƙwashe, an sauya wa wata kafireta, an cire wa wata kontak an sa mata na'urar lantarki, wata kuwa injin ma gaba ɗaya na wata mota ne daban. Duk da haka, idan lokacin sayen filogi ya yi, abin da yaron mota yake faɗa wa mai shago bai wuce a ba shi filogin Fijo guda huɗu ba.

A nan asara take somawa. Filogi yana cikin mafi arahar kayan inji, amma shi ne yake zaune a tsakiyar wuta, kuma wanda bai dace ba yana iya huda fistin cikin tafiya ɗaya. Ƙa'idar da wannan darasi ya ginu a kanta ita ce, ana zaɓen filogi ne bisa halin da inji yake ciki a yau da irin aikin da yake yi. Sunan da ke jikin mota mafari ne kawai.

Asalin motocin

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968. A Nijeriya kuwa, kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara haɗa motoci a masana'antarsa ta Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali an daina ƙera ƙaramar motar a Turai tun 1983. Wannan doguwar rayuwa ce ta sa kayan gyaranta suka cika kasuwanni, tun daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna har shagunan da ke kewayen tashar Muda Lawal a Bauchi. Ita ce kuma ta sa ake samun kan inji na zamani daban-daban a mota iri ɗaya. Manyan motoci da taraktocin da kamfanin Steyr ya riƙa haɗawa a Bauchi ba su shiga wannan bayani ba, domin injin dizal ba ya amfani da tartsatsi, matsi ne kaɗai yake kunna mansa.

Injin 504 na fetur silinda huɗu ne, akwai mai girman sisi 1,796 akwai kuma mai 1,971, yayin da na yayarta 404 yake da 1,618. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce mai silif da ake iya zarewa, kansa kuwa na alminiyam ne, kuma filogi yana zama ne a can ƙasan wani dogon bututu da ya ratsa murfin bawul. Waɗannan siffofi biyu na ƙarshe suna da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Alminiyam yana da taushi, tiredinsa ba ya jure ganganci, sannan bututun yana ɓoye filogi daga idon bakanike, yana kuma tara baƙin mai idan robarsa ta mutu.

Aikin filogi iri biyu ne

Kowa ya san aiki na farko, wato ba da tartsatsin da ke kunna gaurayen fetur da iska. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane filogi yana ba da wuta sau 1,500 a minti ɗaya, wato sau 25 a kowace daƙiƙa. Aiki na biyu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne kwashe zafi daga bakin filogin zuwa kan inji, inda ruwan lagireto zai ɗauke shi.

Masu ƙera filogi sun yi ittifaƙi a kan cewa bakinsa yana bukatar zama tsakanin digiri 450 zuwa 500 a ƙasa da kuma kimanin digiri 800 zuwa 850 a sama, a ma'aunin Salshiyas. Idan zafin bai kai na ƙasa ba, baƙin hayaƙi yana taruwa a kan farin tangaran ɗin, wuta ta riƙa bi ta kansa tana zurarewa, inji ya kama yin mis. Idan kuwa ya zarce na sama, bakin filogin yakan zama garwashi, ya kunna mai tun kafin lokacin tartsatsi ya yi, a daidai sa'ad da fistin yake tasowa. Matsala ta farko tana cin fetur da haƙurin direba. Ta biyu tana narkar da saman fistin, tana kuma iya yin haka a cikin 'yan mintoci.

Abin da ake kira filogi mai zafi shi ne mai dogon hancin tangaran, wanda yake riƙe zafi domin hanyar fitarsa tana da nisa. Mai sanyi kuwa hancinsa gajere ne, yana saurin zubar da zafi. Ya kamata a fahimci cewa wannan ba ya da alaƙa da ƙarfin tartsatsi. Filogi mai zafi ba ya ƙara wa mota gudu, mai sanyi kuma ba ya hana lagireto tafasa.

Karanta lambar da ke jikinsa

Babban tarkon da ke kama mai saye da mai sayarwa shi ne, kamfanoni ba su bi tsari ɗaya wajen lambar zafi ba. A wajen NGK da Denso na ƙasar Japan, duk sa'ad da lamba ta hau, filogi ya ƙara sanyi. A wajen Bosch na Jamus da Champion kuwa akasin haka ne, hawan lamba yana nufin ƙarin zafi. Saboda haka 7 na NGK da 7 na Bosch ba abu ɗaya ba ne.

Misali daga dangin filogin da injunan shekarun 1970 da 1980 suka fi amfani da shi zai bayyana haka. NGK BP6ES yana daidai da Bosch W7DC, da Champion N9Y, da Denso W20EP-U. Idan ana son a sauka mataki ɗaya zuwa sanyi, sai a nemi BP7ES, ko W5DC, ko N7Y, ko W22EP-U. Idan kuwa mataki ɗaya ne zuwa zafi, sai BP5ES ko W8DC. A lissafin NGK, mataki ɗaya yana sauya zafin bakin filogi da kimanin digiri 70 zuwa 100, wanda ya isa ya fitar da shi daga iyakar da aka ambata.

Sauran haruffan ma suna da ma'ana. A tsarin NGK, B yana nufin kaurin tiredi milimita 14, P yana nufin baki mai leƙowa cikin kogon wuta, E yana nufin tsawon tiredi milimita 19, H kuwa milimita 12.7. Harafin F yana nuna filogin da mazauninsa a karkace yake, ba ya amfani da wosha, R kuma yana nuna akwai abin rage hayaniyar lantarki a cikinsa, wanda ake bukata a motar da ke da na'urorin lantarki.

Siffa kafin zafi

Tun kafin a zo ga lambar zafi, wajibi ne filogi ya dace da ramin da zai shiga. Volkswagen ƙirar kunkuru, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, yawancin injunanta suna ɗaukar gajeren filogi mai milimita 12.7, amma kaurin tiredinsa ɗaya ne da na Peugeot. Saboda haka kowannensu zai ɗauru a ramin ɗan'uwansa ba tare da gardama ba. Idan aka sa dogo a ramin gajere, ragowar tiredin yana leƙawa cikin wuta ya yi ja, baƙi ya daskare a kansa ya hana shi fita, ko ma fistin ya buge shi. Idan aka sa gajere a ramin dogo, tartsatsi yana maƙalewa a cikin rami, ƙasan tiredin kan inji kuma ya cika da baƙi, ranar da aka zo ɗaura na daidai sai ya cije.

Haka nan mazauni. A cikin kawunan injin Peugeot da ke yawo a kasuwa akwai masu ɗaukar filogi mai wosha, akwai kuma masu ɗaukar mai karkataccen mazauni irin BP6EFS. Tun da yake kan injin da ke kan mota ba lalle ne shi ta fito da shi ba, hanya mafi aminci ita ce a haska ramin da tocila a gani da ido. Mazaunin da bai dace ba yana barin matsi ya zurare, yana kuma toshe hanyar da zafi ke bi ya fita, sai filogi mai lamba daidai ya koma tamkar mai zafi.

Gyare-gyare biyar da abin da kowanne ke bukata

Na farko, sare kan inji. Duk lokacin da aka kai kan inji wajen masu injin sara aka rage fuskarsa domin ta miƙe, kogon da mai ke ƙonewa a ciki yana raguwa, matsi ya ƙaru, zafi ma ya ƙaru. Sara ɗaya mara yawa ba ta cika bukatar sauyi ba. Amma kan da aka sare sau biyu ko uku, musamman idan direba yana jin ƙarar ƙwal-ƙwal lokacin hawan tudu, ya cancanci a sauko masa mataki ɗaya zuwa sanyi, a kuma sake duba taimin. Har ila yau a tabbata cewa baki mai leƙowa bai matsi fistin ba.

Na biyu, sauya kafireta ko taɓa jet. Kafiretar da ke ba da mai da yawa tana baƙanta kowane irin filogi. Wadda aka matse domin tsimin fetur kuwa tana sa inji gudu da ƙishirwa, zafi ya hau. A dukkan halayen biyu, maganin yana wajen kafireta. Sauya lambar filogi domin rufe laifinta ɓata kuɗi ne.

Na uku, cire kontak a sa na'urar lantarki. Wannan gyara bai shafi lambar zafi ba, tazara ya shafa, wato ratar da ke tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar gefe. Injin da ke kan kontak da tsohon kwayil yana son tazarar kimanin milimita 0.6. Mai na'urar lantarki da kwayil mai ƙarfi yana iya ɗaukar 0.7 zuwa 0.8. Da yawa daga filogin da ake sayarwa an buɗe su ne domin motocin zamani, wasu har milimita 1.1, kamar yadda lamba 11 da ke ƙarshen sunansu take nunawa. Idan aka ɗaura su haka a tsohon inji, mota takan yi wuyar tashi da safe, ta kuma riƙa yankewa idan an taka ta da kaya.

Na huɗu, dasa injin wata mota. Idan an sa wa akori-kura injin Toyota ko Nissan na gwanjo, to Peugeot ta tsaya a jiki da takardu. Lambar da aka buga a gangar injin ita ce za a je da ita shago.

Na biyar, mayar da mota kan iskar gas. Tun bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ya kuma haura naira 1,000 a wurare da dama a 2024. A 2023 ɗin ne gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci kan gas ɗin CNG. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, saboda haka yana bukatar wuta mai ƙarfi, kuma ba ya sanyaya kogon wuta kamar yadda fetur yake yi sa'ad da yake zama tururi. Shawarar masu ƙera filogi ita ce a rage tazara, kada ta wuce kimanin milimita 0.7, a karkata zuwa mai sanyi da mataki ɗaya, a sabunta wayoyin filogi, a kuma gajarta lokacin sauyi. Tartsatsi mai rauni a injin gas yana iya sa wuta ta koma baya ta fashe a bututun shigar iska.

Hanya ma tana da nata hukunci

Motoci biyu masu inji iri ɗaya ba lalle su so filogi ɗaya ba. Tasin da ke wuni tsakanin Wunti da Babbar Kasuwa da Yelwa, tana tafiya tana tsayawa, injinta yana aiki a tsaye tana jiran fasinja, bakin filoginta ba ya samun zafin da zai ƙone baƙi. Irin wannan ba ta son mai sanyi. Wagon da ke ɗaukar cikakken lodi daga Bauchi, wadda tudunta ya ɗan haura mita 600, ta hau zuwa Jos mai kimanin mita 1,200, a watan Maris ko Afrilu, tana daɗewa ana take da ita. Ita ce take cikin haɗarin mai zafi.

Idan aka rasa tabbas tsakanin lambobi biyu, ƙa'ida ita ce a fara da mai sanyi. Mafi munin abin da zai faru shi ne ya yi baƙi a sauya shi. Kuskure ta ɗaya ɓangaren kuwa kuɗin fistin da silif da ringi da gaskit ne, ban da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi.

Filogi yana ba da labarin inji

Bayan an ɗaura sabo an yi tafiya irin wadda mota ta saba, sai a bar inji ya huce, a kwance su huɗun a jera bisa tsarin silinda. Launin ƙasa-ƙasa ko na toka mai haske alama ce ta dacewa. Baƙi busasshe kamar na gindin tukunya yana nuna mai ya yi yawa, ko cok ya maƙale, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko kuma filogin ya yi sanyi. Baƙi mai maiƙo yana nuna ringi ko gayid ɗin bawul sun ci, sai dai a Peugeot a lura ko man daga bututun sama ya gangaro, domin wannan roba kawai yake bukata. Fari fat mai ƙuraje, ko tsinken da ya fara narkewa, gargaɗi ne cewa a tsayar da mota a binciki taimin da kafireta da lambar zafi. Idan ɗaya ne kaɗai ya bambanta da sauran ukun, laifin na wannan silinda ne.

Al'adar sa filogi mai zafi a injin da ke shan baƙin mai tana iya kai mota ƙarshen mako, amma ba ta mayar da ringin da ya ci. Ƙona filogi a wuta domin wanke shi kuwa yana iya tsaga tangaran ɗin ta inda ido ba ya gani.

Wajen ɗauri, a fara murzawa da hannu har ya zauna, sannan a kawo sufana. Sabo mai wosha yana bukatar rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku na juyi. Mai karkataccen mazauni kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida na juyi ya ishe shi. Wanda ya zarce haka a kan alminiyam zai tsinke tiredi.

Tsada da araha

Filogi mai bakin iridiyam yana daɗewa fiye da na gargajiya mai zuciyar tagulla, domin ƙarfen ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400. Amfaninsa yana fitowa a injin gas da injin zamani. A tsohon inji mai kafireta da ke baƙanta filogi kuwa, baƙi zai kashe shi kamar yadda yake kashe mai araha, kuma siririn bakinsa ba ya jure kankara. Na gargajiya mai lamba daidai, wanda ake sauyawa bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, ya fi riba a nan.

Jabu shi ne babbar barazana. Kamfanin NGK, wanda aka kafa a Nagoya a 1936 ya kuma koma Niterra a 2023, ya sha yin gargaɗi a kan masu kwaikwayon kayansa, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ita ke da alhakin hana shigo da irinsu. Illar jabu ita ce lambar da ke jikinsa ba ta nufin komai, domin sau da yawa babu tagullar da ke kwashe zafi a cikinsa. Alamominsa sun haɗa da rubutu mai dishi-dishi, da tiredi mai kaushi, da woshar da ke zamewa da kanta, da farashin da ya yi ƙasa da na dillali ƙwarai.

Lissafin mai mota ba ya da wuya. A ɗauka misali mota tana shan lita 12 a kilomita 100, tana kuma zuwa Jos ta dawo kullum, wato kimanin kilomita 260. Man yini zai kai lita 31. Idan raunin wuta yana ɓarnatar da kashi ɗaya cikin goma, lita 3 ke nan a yini, kimanin lita 80 a kwanakin aiki 26. Wannan ya ninka kuɗin filogi huɗu na ainihi sau da yawa. Ɗan hakin da aka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone ido.

Saboda haka yana da kyau mai motocin haya ya ajiye wa kowace mota littafi, a rubuta lambar inji, da yawan sarar da aka yi wa kansa, da irin kafireta da na'urar wuta, da lambar filogi da tazararsa, da kilomitar da aka sauya shi. Mai shagon safaya kuma ya ajiye lambobi uku na kowane dangi, mai wosha da mara wosha, da jadawalin musayar lamba tsakanin kamfanoni, da ma'aunin tazara a kan kanta. Kafin ya miƙa kaya ya tambayi wane inji ne, me aka yi masa, wace hanya yake bi, ya kuma nemi a kawo masa tsohon filogin ya duba.